Rawanin Gidan Abul Wafa

A ƙauyenmu na Nagad-Dom, kudu kaɗan da Ƙina, ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne. Kansa ake kallo. Kowane gida da irin naɗinsa. Wasu su tara rawanin a goshi, wasu su danne shi har ya kusa rufe gira, su kuwa mutanen gidan Abul Wafa sukan murɗa ƙyallen kafin kowane zagaye, sannan su saki jelarsa a bayan kunnen hagu. Ko mutum na kan jaki ya ba ka baya, ka san ko wane ne. Idan kuma tsautsayi ya sa rawanin wani ya faɗi cikin jama'a, ba a dariya, ba a ma kallon kan da ya tsiraita. Wanda ya fi kusa shi zai duƙa ya ɗauka, ya kaɗe, ya sumbace shi ya kai goshi, ya miƙa wa mai shi yana kallon wani wuri daban.

Raslan ne kaɗai ya rage mai naɗin gidan Abul Wafa. Yayansa ya rasu bai bar ɗa namiji ba, ƙanensa ya tafi Libiya neman aiki tun yana saurayi, tun ana jin labarinsa har aka daina. Shi Raslan manomin rake ne, gonar ba wata babba ba, idan lokacin sara ya zo yakan gama tasa ya shiga ta wasu. Dogo ne, siriri, mai kaurin gashin baki, ba ya son doguwar magana. Ba shi da wata sarauta, ba ya cikin masu sasanta rigima, amma duk Juma'a idan ya fito da farin rawaninsa za ka rantse wani abu ne a garin. Allah ya ba shi 'ya'ya mata, aka jima, sannan aka haifi Hammam.

A gidansu uba ne ke yi wa ɗansa naɗin farko, ranar da ya tabbata yaron ya zama mutum. Zai tsaya a bayansa, ya ɗora hannunsa a kan nasa, su zagaya ƙyallen tare har yaron ya kama hannu. Kafin wannan rana ba a koya masa, hula kawai yake sawa. Haka aka yi wa Raslan ranar da ya sare gonar ubansa shi kaɗai. Tun Hammam na rarrafe ya sayi ƙyallen da zai naɗa masa, ya ba matarsa Wahiba ta ajiye a ƙasan akwati.

Sai dai yaron bai zo da hannun sara ba, da kai ya zo. Shekarar da ya gama sakandare ya fi kowa maki a duk jiharmu, wata jami'a da ke bayan Alƙahira, wadda sai 'ya'yan wane da wane ko masu kaifin ƙwaƙwalwa na fitar hankali ke shigarta, ta ba shi gurbin karatun injiniya kyauta. Mata suka yi guɗa, aka raba lemon kwalba. Mutum ɗaya ne bai yi murna a fili ba, wato Dahi, yayan Wahiba, abokin faɗan Raslan tun suna yara. Kullum da la'asar suna kan dakali ɗaya suna shan baƙin shayi suna yi wa juna tsiya.

"Kai dai ka kai ɗanka a mayar maka da shi ɗan madara," in ji Dahi. "Ka san su waye a makarantar nan? Maza da gajeren wando. Suna tafiya suna shan gahawa a kofin takarda, ko zama ba sa yi. Karnukansu ma ba da Larabci suke yi musu magana ba. Uba kuwa sunansa suke kira gatsal."

"Ka taɓa zuwa ne?"

"Sai na je? Direban da ya kai musu siminti ya faɗa min."

"To direban siminti shi ne malaminka yanzu. Allah ya ƙara ilimi."

"Yi dariyarka. Mu kuma ka san abin da suke cewa a kanmu? Wai kanmu dutse ne, kowa da bindiga a ƙarƙashin riga, in ka taka mana ƙafa sai mun kashe jikanka. Wai an taɓa sayar wa ɗayanmu gadar kan Nilu ya biya."

"Kai aka sayar wa, shi ya sa abin ke ci maka rai."

Haka suka saba. Amma da Raslan ya koma gida maganar ta tsaya masa a rai. Ba tsoron faɗuwar yaron a jarrabawa yake yi ba. Tsoronsa kada ya dawo baƙo. Ranar tafiya, a tashar jirgin ƙasa, ya riƙe kafaɗar Hammam ya ce, "Je ka karanto abin da za ka karanto. Ranar da ka gama, da hannuna zan naɗa maka." Yaron ya sunkuya ya sumbaci hannun ubansa.

Hutun shekarar farko Hammam ya dawo a rame, magana ma sai an ciro ta daga bakinsa. Uwarsa ta ce abincin birni ne, ta yanka masa agwagwa. Shekara ta biyu kuwa sai ga shi ya murje, yana dariya, waya ba ta hutawa a hannunsa. Ya ce ya yi abokai, har suna ce masa Mai Gari.

Raslan ya kai wa Dahi labarin a dakali da ɗuminsa. "Ka ji 'yan madarar naka? Mai Gari suke kiran ɗana."

Dahi ya kurɓi shayi ya ce, "Mai garin ina?"

"Hassada ce za ta kashe ka, ba tsufa ba."

Ana cikin shekara ta uku Hammam ya bugo waya. Ya ce za a yi ranar al'adu a makaranta, kowa zai fito da kayan garinsu, shi ma yana son fitowa da namu: jallabiya mai faɗin hannu, sanda, da rawani. Daɗi ya kama Raslan.

"Naka naɗin da saura, ka sani," in ji shi. "Amma zan ara maka nawa na Juma'a. A naɗe zai zo maka, ka ɗora kawai. Ka riƙe kanka a miƙe, su ga yadda ake yi."

"To Baba. Amma ko wani tsoho ma ya isa, ba sai na Juma'a ba."

"Tsoho? A gaban manyan mutane? Kana da hankali kuwa?"

Wahiba ta wanke ƙyallen ta shanya. Raslan ya naɗa shi a kansa a gaban madubi, ya warware, ya sake, sai da murɗin ya zauna yadda yake so. Ya cire shi a hankali tare da hular ciki, ita kuma ta bi shi da zare da allura ta ɗan kakkama don kada ya warware a hanya. Aka sa a kwali tare da jallabiyarsa, aka ba wani direban motar haya da ke zuwa Alƙahira.

Tun da kwalin ya tafi Raslan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ana saura kwana kaɗan a yi taron ya ce wa Wahiba ta gasa burodin nan namu da ake kumburawa a rana, ta ɗebo tsohon cuku da zuman rake, zai je ya gani da idonsa.

"Baban Hammam, ka kira shi tukuna mana. Wuraren nan ba a faɗa musu haka kawai."

"Yau kuma mutum sai ya nemi izini kafin ya ga ɗansa? Ubana ya taɓa yi min sallama kafin ya shigo gonata?"

A wurinmu wannan ba abin musu ba ne, ita ma ta sani, sai ta ɗaure masa kwando. Ya naɗa rawaninsa na kullum, wanda rana ta riga ta cinye farinsa, ya hau jirgi.

Ya isa ƙofar jami'ar da hantsi, bayan ya sha tambaya a motoci. Ba a shiga sai da kati, amma mai gadin da ya tare shi yana jin gaisuwarsa ya washe baki. Bahit sunansa, mutumin Suhaj, ɗan kudu irinmu.

"Marhaba da Baffa! Wurin wa?"

"Wurin ɗana, Hammam Raslan Abul Wafa. Mai Gari suke ce masa."

Fuskar Bahit ta ɗan canza. Ya jawo kujera. "Zauna nan Baffa, in dafa maka shayi irin na gida. In sun tashi daga taron sai in kira maka shi."

"Ai taron na zo gani, ɗana."

"Hayaniyar yara ce kawai, ba abin da za ka gani."

"Daga Ƙina na taso don in sha shayi a bakin ƙofa?"

Bahit ya mayar da kujerar. Ba zai iya hana dattijon yankinsu ba, ba zai kuma iya faɗa masa dalili ba. Ya buɗe ƙofa ya nuna masa hanyar babban ɗakin taro.

Gaskiya ɗaya Dahi ya faɗa: suna tafiya suna shan gahawa a kofin takarda. Sauran kuwa Raslan bai ga alama ba. Yara ne masu fara'a. Suna ganinsa suka yanyame shi, wannan ya ce a ɗauke su hoto, wancan ya taɓa hannun jallabiyarsa. Wani ya ce, "Kai, wannan ya fi kowa iya shiga! Duba gashin bakin, kamar na gaske." Wata yarinya ta tambaye shi wa ya shirya shi haka. Ya ce matarsa ce ta yi wankin. Suka kwashe da dariya, shi ma ya yi, don a zatonsa girmama baƙo ne irin nasu. Yarinyar ta karɓi kwandon ta kai masa har kujera, ta kawo masa ruwa. A ransa yana ta tsara yadda zai ƙaryata Dahi.

Aka yi waƙoƙi, aka yi rawar masunta, aka yi ta mutanen hamada. Sai mai gabatarwa ya ce ga abin da kowa ke jira, ɗakin ya ɗauki kiran "Mai Gari! Mai Gari!"

Hammam ya fito. Jallabiyar ubansa ce a jikinsa, farin rawanin a kansa, jelar na bayan kunnen hagu daidai inda ya kamata. Raslan ya ji ƙirjinsa ya cika, har ya waiga ya ga ko na kusa da shi sun lura. Sai da ya sake dubawa ya ga an liƙa wa yaron wani ƙaton gashin baki, ga kuma bindigar katako a rataye a kafaɗa.

Wasan na wani Basa'ide ne, wato ɗan kudu irinmu, da ya zo shiga jami'a. Ya tambayi inda zai ɗaure saniyarsa. Ya yi wa ƙofa mai buɗe kanta sallama, da ta rufe ya ce ta raina shi, sai ya rama. Ya ce yana neman malamin da ya ba kakansa sifili don jinin gidansu ba ya kwana. Ya kumbura murya, ya ja maganarmu ya ƙara mata nauyi fiye da yadda kowa ke yi a Nagad-Dom. Ɗakin kamar zai tsage. Raslan ma ya ɗan murmusa da farko, don irin waɗannan labarai mu ma muna ba juna a kan dakali. Sai dai a kan dakali kowa ya san ƙarya ce.

Daga nan wani yaro fari mai gilashi, da ya fito a matsayin ma'aikacin rajista, ya ce doka ce sai an gwada kan duk wanda ya zo daga kudu a ji ko dutse ne. Ya karɓi sandar hannun Hammam ya ƙwanƙwasa masa kai. Aka buga ganga daga baya. Ya sake, sannan ya sa bakin sandar ya ture rawanin.

Da naɗin kai ne da ya warware ya zube wuri ɗaya. Amma Wahiba ta kama shi da zare, don haka ya faɗi a dunƙule ya gangara. Raslan ya kawar da kai daga kan ɗansa, yadda aka saba, yana jiran wanda ya fi kusa ya duƙa. Ba wanda ya duƙa. Mai gilashin ya sa ƙafa ya tura wa wani, wancan ya tare da ƙirji ya buga wa na uku, wani ya ɗauki lasifika yana kwaikwayon masu sharhin ƙwallo. Hammam kuma yana bin su da rarrafe yana ihu, "Mutuncina! Mutuncin gidanmu!" Ana ganin yadda kowa ya san inda zai tsaya, an san sun sha gwada wannan kafin ranar.

Raslan bai san lokacin da ya miƙe ba. Bai yi fushi ba a lokacin, bai ma yi tunani ba. Rawani ne a ƙasa, kuma tun da ba wanda ya ɗauka, shi ne ya zama mafi kusa. Ya bi tsakanin kujeru ya hau matakala. Ɗakin ya ƙara rikicewa da shewa. "Ga uban ya zo ramuwa!" in ji wani daga baya. Masu buga ƙwallon suka ja gefe suna dariya, sun ɗauka wani ƙari ne Hammam ya ɓoye musu.

Ya duƙa ya ɗauka. Akwai shatin takalmi a gefe ɗaya. Ya kaɗe da hannun riga, ya sumbata, ya kai goshi. Sannan ya miƙa wa ɗansa yana kallon bango.

Hammam na durƙushe, bai karɓa ba. Gashin bakin ya ɓalle ta gefe ɗaya yana lilo. Mutane suka ga wannan ma abin dariya ne, aka tashi tsaye ana tafi. Raslan ya jira har hannunsa ya gaji. Sai ya sa rawanin a hammata ya sauko, ya fita ta ƙofar da ya shigo. Kwandon ma ya manta da shi.

A gindin wata bishiya kusa da ƙofa Hammam ya cim masa, kai ba hula, yana haki.

"Baba... me ya sa ba ka kira ni ba?"

"Uwarka ma ta faɗa."

"Wallahi wasa ne kawai. Ba su san kai ne ba. Ba mugaye ba ne, Baba."

"Na gani. Har ruwa suka ba ni."

Yaron ya fashe da kuka. Ya ce shekarar farko ba mai zama kusa da shi. In ya buɗe baki a aji sai a ƙunshe dariya. Abokin ɗakinsa ya nemi a canza masa ɗaki, wai uwarsa na tsoron kada a biyo Hammam da ramuwar jini a haɗa da ɗanta. Kullum sai an tambaye shi ina ya ɓoye bindiga. Wata rana a wurin cin abinci ya gaji, ya ce tana cikin tulun cuku, ya faɗa da irin muryar da suke son ji. Suka yi dariya, suka jawo masa kujera. Tun daga ranar bai sake cin abinci shi kaɗai ba.

Raslan ya saurara har ƙarshe. Tausayin yaron ya kama shi ƙwarai, kunya kuma ta hana shi kallon fuskarsa, don har yanzu kan a tsiraice yake. Yana son ya ce wani abu, amma shi ba gwanin magana ba ne, abin da ya zo bakinsa kawai shi ne, "Akwai burodi a kwando, yana kan kujera. Kada ka bari ya bushe." Ya juya. Bahit ya buɗe masa ƙofa yana kallon ƙasa.

Da ya dawo Wahiba ta tambayi yadda aka yi, ya ce an yi lafiya, yaron na gaishe ta. Da za ta wanke rawanin ta ga shatin takalmin, ta dube shi, ba ta sake tambaya ba. Ta tsinke zaren, ta wanke, ta ninke. Juma'a ta zo ya fita da hular ulu kawai. Aka tambaye shi, ya ce ciwon kai ke damunsa, likita ya hana shi ɗaure kai. Na kullum ɗin ma ya ajiye. Shi dai a ganinsa rawanin da aka miƙa ba a karɓa ba bai koma kan kowa ba tukuna.

Bayan 'yan kwanaki Dahi ya zo dakali da waya a hannu. Wani jikansa ne ya nuna masa hoton wasan, don abin ya yi yawo. Raslan ya ga wayar, ya gyara zama yana jiran tsiyar da ya san ya cancanta. Dahi ya juya wayar, ya sake juyawa, ya sa ta a aljihu. Ya ce, "Raken bana kamar zai yi kyau." Daga ranar bai sake tsokanarsa ba, ko sau ɗaya. Sukan zauna su yi maganar ruwa da taki kamar baƙi biyu a tasha. Wannan ya fi komai yi wa Raslan ciwo.

Hammam ya gama da sakamako mai kyau. An ce tun ranar bai sake hawa dandali ba, abokan ma suka ja baya da kaɗan-kaɗan, ya ƙarasa karatun kusan yadda ya fara shi. Ya zo gida, aka yanka rago. Da safen nan Raslan ya sa Wahiba ta fito da ƙyallen da aka saya tun yaron na rarrafe, ta ajiye a kan akwati inda duk mai shiga ɗakin zai gani. Ya zauna yana jira yaron ya ce, "Baba, alkawarinmu." Shi kuwa Hammam ya ga ƙyallen, ya shiga ya fita, yana jira a kira shi, don a ganinsa wanda ya yi abin da ya yi ba shi da bakin roƙo. Uban ya ɗauka ba ya so. Ɗan ya ɗauka ba a yafe ba. Wahiba ta yi wa uban magana ya ce ba a yi wa mutum naɗi dole, ta yi wa ɗan ya ce kada ta fama wa Baba ciwo. Taurin kan da ake mana gori da shi, ranar nan dai ba ƙarya aka yi mana ba. Kwanakinsa a gida suka ƙare, ƙyallen ya koma ƙasan akwati.

Hammam ya sami aiki a wani kamfanin gina gadoji, ya yi aure a Alƙahira, ya haifi 'ya'ya. Ba ɗan banza ba ne. Ya sake wa iyayensa ginin gida, ya aurar da 'yan uwansa mata, kowace Sallah yana gari. Yakan sumbaci hannun ubansa, su zauna su yi hirar gada da rake. Raslan na alfahari da shi, kuma ya daɗe da hucewa, in ma ya taɓa riƙe shi. Sau da yawa maganar takan zo masa har leɓe, sai ya ga agogon hannun ɗan da takalmansa masu sheƙi, ya ce a ransa me injiniya zai yi da rawani. Ya haɗiye.

Ana tsakiyar saran rake wata shekara ya faɗi a gona. Aka kai shi asibiti a Ƙina, ya tashi, amma ɓarin damansa ya shanye. Magana na fita, a hankali. Hammam ya baro aiki ya zo ya zauna. Wata safiya, Raslan na jingine a gado, sai ya ga ɗan ya shigo da ƙyallen a hannu biyu, har ya soma yin rawaya a wuraren ninki. Hammam mutum ne yanzu mai furfura a gefen kai. Ya durƙusa a gaban gadon ya juya baya, ya sunkuyar da kai.

"Baba, na gama karatun tun tuni."

Raslan ya yi dariya, rabin bakinsa kawai ya motsa, hawaye na zuba. "Sai yanzu, Mai Gari?"

Aka ɗaga shi ya zauna. Ya kama bakin ƙyallen da hagu ya ɗora a kan hular ɗansa. Murɗin kuwa da dama ake yinsa, yatsu ke juya ƙyallen yayin da hagu ke danne na ƙasa. Ya dubi hannun daman a kan cinyarsa, ya umarce shi, hannun bai ji ba. Ya ce wa Hammam ya murɗa da kansa. "Ciki. A'a, ba haka ba. Ka juya, sannan ka... ka..." Abin da hannunsa ya yi shekara da shekaru ba tare da ya tambaye shi ba, ya neme shi a baki ya rasa. Shi ma ba da baki aka koya masa ba. Suka gwada, suka sake, ƙyallen ya sulale daga kan Hammam ya zube a tabarma.

Hammam ya duƙa ya ɗauka. Ya kaɗe, ya sumbata, ya kai goshi, ya miƙa wa ubansa yana kallon bango. Raslan ya karɓa da hagu ya rungume a ƙirji.

"Gobe ma sake," in ji shi. "In hannun ya ɗan saki."

Hannun bai saki ba. Kafin a gama kwashe raken shekarar Allah ya karɓi abinsa.

A wurinmu ɗan mamaci ba ya karɓar gaisuwa da hula kawai. Da aka dawo daga maƙabarta, kafin mutane su taru a zaure, Dahi ya ja Hammam ɗaki. Ya tsufa ƙwarai. Ya tsaya a bayansa ya yi ƙoƙarin tuno yadda abokinsa ke yi, abin da ya kalla kullum tun suna samari, amma yatsunsa nasu kawai suka sani. Ya naɗa masa irin na gidansu, a tare a goshi, ba murɗi, ba jela. Ya ce, "Yi haƙuri, ɗan ƙanwata. Iyakar abin da na iya ke nan."

Hammam ya tsaya a farkon layi a bakin zaure, kawunsa na gefensa, mutane na wucewa suna ba su hannu. Can sai ga wani tsoho daga ƙauyen ƙetaren kogi, wanda suka yi saran rake da Raslan tun suna da ƙarfi, ya zo a kan jaki yana dogara sanda. Ya riƙe hannun Hammam, ya ɗaga ido ya dubi kansa, ya yi masa gaisuwar da ake yi wa dangin matar mamaci. Sannan ya leƙa cikin zauren, ya bi kawunan mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Yaro," in ji shi, "an ce ya bar ɗa namiji. Ina yake, in yi masa gaisuwa?"